Wata Goma Sha Huɗu na Kuwabara

Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki ni da Kuwabara Teruo, a wani kamfanin ƙera birkin babur a garin Hamamatsu na ƙasar Japan. Shi aka tura shi wajen injina, ni ofishin kula da ma'aikata. Mutum ne mai hannu, da babban yatsa yake shafa ƙarfe ya ce maka an kauce, kuma in an auna sai a ga haka ne. Baki kuwa babu. Sai ku yini tare bai yi maka magana goma ba.

Da masu sayen kayanmu suka kwashe suka koma Indunusiya, kamfani ya bi su ya buɗe masana'anta a can. Takardar canjin wuri ta sauka a teburin Kuwabara. Bai tambayi shekara nawa zai yi ba, don a wajenmu ba a tambaya. Ya bar matarsa Fumie da yara biyu, ya tafi shi kaɗai ya yi shekara goma sha ɗaya. Ya koya wa mutanen can duk abin da ya sani, har da dabarun da tsofaffin ma'aikata ke ɓoyewa. Suka ƙware, kayansu suka fi namu araha, aka rufe sashen gida. Ya dawo ya tarar wurin injinansa ya zama filin ajiye motoci.

Kamfani irin namu ba ya korar mutum, abin kunya ne. Ajiye ka ake yi har ka gaji ka rubuta takardar barin aiki da kanka. Akwai ɗaki a ƙarshen baranda, tebura ne kawai da agogo, ba waya ba aiki. Mutum tara aka zuba ciki, har da Kuwabara. Kafin bazara takwas sun tafi.

Kuwabara saura masa wata goma sha huɗu ya cika sittin. Abu ɗaya yake so: ya fita ta babbar ƙofa da furanni a hannu, ma'aikata sun yi layi suna tafa masa, kamar yadda aka yi wa magabatansa. Ni kuma aikin da aka ba ni, kowace Litinin in kira shi in lallaɓa shi ya ajiye aiki.

"Kai dai taurin kai gare ka kamar ƙarfen da kake yankawa," na ce masa wata Litinin. "Me kake yi a ɗakin nan tun safe?"

"Ina kallon agogo. Yana latti da minti biyu, ka gaya musu."

"Haba Kuwabara. Ka je gida ka shuka tumatir mana."

"Ishizuka, kai ma furfurar nan taka ba ta ado ba ce. Ka zaɓi teburinka tun yanzu, na kusa da ƙofa ya fi iska."

Muka yi dariya, amma ni tawa ba ta kai ciki ba. Fumie ba ta san komai ba. Kullum tana haɗa masa akwatin shinkafa da kifi, yana fita ƙarfe bakwai da lakataye a wuya.

Ya cinye wata tara a haka. Sai ga Sutarno, shugaban masana'antar Indunusiya, ya zo taro. Kuwabara ne ya koya masa riƙe ma'auni. Da aka tashi ya ce yana son ya gai da malaminsa. Manajanmu ya dube ni ya ce, "Ai sai ka kai shi su gaisa." Na san abin da yake nufi sarai, so yake Kuwabara ya ji kunya ya ajiye aiki. Da na ce ba ya nan, da an wuce wurin. Amma na kai shi.

Muka tarar da shi zaune shi kaɗai, hannu biyu a kan tebur. Sutarno ya rusuna, ya miƙa masa ƙunshin kofi, yana ta waige-waige.

"Malam, nan ne ofishinka? Ina mutanenka?"

"Sun fita," in ji Kuwabara.

"Akwai injin da ke ba mu wahala. Ko za a bar ka ka zo ka duba mana?"

"Aiki ya yi mini yawa a nan."

Sutarno ya kalli teburin, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. Kunnuwan Kuwabara sun yi ja wur. Shekara talatin da bakwai na san shi, ban taɓa jin ya yi ƙarya ba sai ranar. Har yau ina jin haushin kaina.

Washegari, ba Litinin ba ce, ya shigo ofishina ya ce in ba shi takardar. Na ce ya jira, saura wata biyar kacal. Bai ko kalle ni ba. Ya zaro hatiminsa, wanda a wajenmu shi ne sa hannu, ya hura masa iska. A kamfaninmu, ƙaramin ma'aikaci yakan ɗan karkatar da hatiminsa wajen gurbin na shugaba, alamar yana rusuna masa. Ba wanda ke neman wannan a takardar barin aiki. Kuwabara ya daidaita hannu a hankali, ya karkatar da shi, ya danna.