Launin Gonar Yaya

Aikina a Xintang, garin masu ɗinkin jins kusa da Guangzhou a ƙasar Sinawa, duba launi ne. 'Yan kasuwa daga Kano sukan aiko cewa suna son wandon jins iri kaza, shuɗi mai duhu ko wanda aka wanke ya koɗe, ni kuma in bi shagunan ɗinki in tabbatar abin da za a loda a tashar jiragen ruwa ta Huangpu shi ne abin da suka nema. Karatuna bai wuce firamare ba. Allah ya ba ni ido, ya kuma haɗa mini da zuciya mai saƙe-saƙe. Idan na kulle ɗakina, sai na dawo daga bakin titi na sake taɓa ƙofar. Iyayen gidana na Kano suna son wannan hali, domin kayansu ba sa zuwa da kuskure. Ni ne dai nake fama da shi.

A wurin aiki ban taɓa yarda da hoton waya ba. Wando ɗaya, in ka ɗauke shi da wayoyi biyu, sai ka rantse wanduna biyu ne. Saboda haka kafin a fara ɗinki nakan yanki ƙyalle in raba shi biyu, rabi ya tafi kasuwar Kwari ta Kano a jakar matafiyi, rabi ya zauna a aljihuna. In gardama ta tashi, kowa ya fito da nasa ya tsaya a rana. Duk da wannan sani nawa, hoton waya ne ya kusa fitar da ni daga Guangzhou.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci mukan taru a wani ɗaki a saman bene, inda wata mata 'yar Ghana take tuƙa tuwo. A nan na san wani mutumin Maraɗi. Ma'aikacin hasashen yanayi ne a ƙasarsu, an turo shi ƙaro ilimi a kan taurarin ɗan'adam masu ɗaukar hoton ƙasa. Ya girme ni kaɗan, furfura ta fara masa a gemu. Da ya ji ni mutumin ƙasar Haɗeja ne sai ya ajiye lomarsa ya ce, "Ashe bawana ne a nan. Tashi ka kawo mini ruwa." Bakatsine ne, wasan kuwa mun gaje shi. Na ce masa in ya ga na ba Bakatsine ruwa, to gobara ce ta kama shi.

Shi ya nuna mini ƙauyenmu daga sama a wayata. Na gane kwanar kogi, na gane hanyar da take shiga gari, daga nan na lalubo gonarmu ta gado, wadda yayana yake nomawa tun rasuwar mahaifinmu. Tana da wani gefe a karkace, inda kakanmu ya bar wa makiyaya hanya. Na daɗe ina kallonta har tuwona ya huce.

Dole in faɗi wani abu game da Yaya. Mutum ne da ba ya faɗin matsala. Lokacin da mahaifiyarmu ta kwanta ciwon ajali ina nan ƙasar, kullum na kira sai ya ce da sauƙi. Yana cewa da sauƙi har aka kai ta makwancinta. Bai yi don mugunta ba, ya san halina ne. Amma tun daga lokacin, in ya ce mini lafiya lau, sai in ji kamar bai ce komai ba.

Da damina ta yi nisa a wannan shekarar, na buɗe hoton gonar na ajiye shi kusa da na bara. Na bara kore ne shar. Na bana ya koɗe, ya yi fari-fari, kamar wandon da aka bari a injin wanki aka manta. Na kashe wayar na kunna. Na fita rana na duba, na koma inuwa na duba. Bai canza ba.

Na kira shi.

"Yaya, ya damina?"

"Ta yi albarka."

"Gona fa?"

"Sai godiya."

"Jikinka fa?"

"Garau. Kai dai ka riƙa cin abinci."

Na kira matarsa, ta ba ni amsa iri ɗaya, kalma bisa kalma, kamar an biya mata. Wannan ya ƙara tayar mini da hankali. Yaya ba ya wasa da gona. In gonarsa ta lalace alhali ruwa yana sauka, to ba ya iya zuwa ne, in kuwa ba ya iya zuwa, yana kwance.

Tafiya gida ba ƙaramin abu ba ce a gare ni. Kayan da ake ɗinkawa ba su kammala ba, kuma na san mutane da suka je gida da niyyar wata ɗaya, har yau suna Kano suna jiran biza. In na fita, wataƙila na fita ke nan. In na zauna kuma, wataƙila a sake yi mini abin da aka yi mini a kan mahaifiyata.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. A bas ina kallon hoton, a shago ina kallonsa. Nakan faɗaɗa shi da yatsu har ya fashe ya zama 'yan murabba'ai, in mayar da shi, in sake. Wata mai shagon ɗinki da muka daɗe muna aiki tare, wadda nake kira lawban, wato shugaba, ta leƙo ta ga abin da nake kallo. Ta ɗauka samfurin yadi ne. Ta girgiza kai ta ce meyo, babu irin wannan launi a wurinta. Na yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙora ba.

Na kasa jiran Juma'a. Na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na tafi makarantar da Bakatsinen yake, na tsaya a bakin ƙofa da tsakar rana har ya fito.

"Bahaɗeje, wa ya mutu?"

Na miƙa masa wayar. Bai kalli gonar ba ma, ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin hotunan ya karanta.

"Wannan ne ya sa ka baro aikinka? Na bara tauraro ɗaya ne ya ɗauka, na bana wani ne daban, na wata ƙasa. Shi na banan ma ya kwana biyu a sama."

"Tauraro yana tsufa ne?"

"Idonsa yana tsufa. Rana tana dukansa shekara da shekaru, ba mai hawa ya goge masa."

"To ashe duk ƙarya ce kuke nuna wa mutane."

"Mudun Maraɗi da na Haɗeja ɗaya ne? Naku ma na ji a lotse yake. Amma ai ana ciniki."

Muka zauna a ƙarƙashin wata bishiya ya yi mini bayani. Ya ce akwai wasu wurare a cikin Sahara, a ƙasarsu da Libiya da maƙwabta, inda ba ciyawa, ba gari, ruwa ma sai a daɗe bai sauka ba. Hasken rairayin wurin kusan ba ya canzawa. Sinawa ma suna da irin wannan fili a hamadarsu. Duk tauraron da ya bi ta kai sai ya kalli wurin. In wani ya ce rairayin ya yi duhu fiye da da, an san ba rairayi ne ya canza ba, idonsa ne ya raunana, sai a gyara lissafinsa. Ya ce har wata suna kallo saboda haka, don shi ma fuskarsa ɗaya ce. Masana na ƙasashe daban-daban kuma suna zama, kowa ya kawo abin da nasa tauraron ya gani, a gwada, a daidaita.

"Har ƙasashen da ba sa ga-maciji da juna?"

"Har su. In kowa ya riƙe mudunsa, wa zai iya cewa Tafkin Chadi ya ja baya ko ya ƙaru? Na wannan ya ce kaza, na wancan ya ce kaza."

Na ciro rabin ƙyallen da ke aljihuna na gaya masa yadda nake yi da mutanen Kwari. Ya juya shi a hannu ya ce, "Haka ne. Sai dai namu ƙyallen ya fi garinku girma."

Ya kamata hankalina ya kwanta, amma sai wata tambaya ta taso mini. "To ita hamadar, in ta canza ba a sani ba fa?"

Ya ce akwai filayen da mutane suke zuwa da na'urori su auna hasken daga ƙasa.

"Su na'urorin wa yake duba su?"

"Akwai ɗakunan gwaji da ake kai su."

"Su ɗakunan kuma..."

"Bahaɗeje, kashe ni ka zo yi? Ko abinci ban ci ba."

Kafin mu rabu ya ce hoton da ke wayata na kallo ne kawai, an ƙawata shi, ba a auna komai da shi. Zai nemo waɗanda aka daidaita, na bara da na bana, amma sai ya tace waɗanda gajimare bai rufe ba. In ba shi zuwa Juma'a.

A tsakanin nan na je wurin masu sayar da tikitin jirgi na tambayi ko akwai wuri. Akwai. Na fito ban saya ba, na koma na sake tambaya, yarinyar da ke kan tebur ta dube ni. Na tsinci kaina a kasuwar tufafi ta Shisanhang ina yawo cikin masu tura kaya, ba abin da na je saye. Wani ɗan Kano da na sani ya tare ni ya ce, "Alhaji, ka rame." Na ce zafi ne. Na lura amsar Yaya na bayar.

Ranar Juma'a Bakatsinen ya zo da kwamfutarsa gidan tuwo. Ya ture kwanuka ya buɗe. Hotunan nan biyu da aka daidaita sun yi kama ƙwarai. Bakin kogi kore, gonakin maƙwabta kore, bara da bana ba wani bambanci. Yawancin koɗewar da ta hana ni sukuni ba daga ƙasa take ba. Na sauke numfashi.

Amma shi bai rufe kwamfutar ba. Ya sa yatsa a kan gonarmu. Ni ma na gani.

"Dubi nan. Bara launinta ɗaya da na maƙwabta. Bana ta fi su haske. Wannan kam ba idon tauraro ba ne." Ya daina wasa. "Abin da zan iya gaya maka, akwai shuka a ciki, ba a bar ta ba. Ko ba ta yi ƙarfi ba, ko wani abu ne daban aka shuka. Sauran sai mai gona."

Na fita na tsaya a kan matakala. La'asar ta kusa a nan, can gida hantsi ne. Wannan karon ban tambaye shi lafiya ba.

"Yaya, me ka shuka bana?"

Ina jin kukan akuya a bayansa.

"Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini. Daga sama na gani."

"Daga sama. Yanzu abin naka har ya kai leƙen mutane daga sama?"

"Me ka shuka?"

"Riɗi."

Daga nan maganar ta fito da kaɗan-kaɗan. Bayansa ne ya riƙe tun kafin ruwan fari. Ya kwanta har lokacin gero da dawa ya wuce. Da ya samu ya miƙe, riɗi ne kawai zai iya bin sauran damina, shi ya sa aka watsa masa. Yanzu yana tafiya, amma da sanda.

"Asibiti fa?"

"Sai bayan girbi."

"To ina nan tafe."

"Ka zo ka yi me? Huɗa? Da hannun da ya saba shafa wando?"

"In zo in kai ka asibiti."

"In ka baro aikinka saboda bayana, ni da kai ne."

Ban taɓa yi wa Yaya musu ba, amma ranar na yi. Na ce zaɓi biyu ne. Ko ranar Litinin ƙanwarmu ta zo ta tafi da shi asibitin Haɗeja, ta kira ni daga can in ji abin da likita ya ce daga bakinta, ko kuwa in hau jirgi, biza ta yi abin da za ta yi. Ya yi ta faɗa, ya ce tun ina yaro haka nake, in an aike ni sai na dawo na tambayi me aka ce. Na bar shi ya gama. A ƙarshe ya ce, "To, Litinin ɗin."

Ranar Litinin ina cikin shagon lawban muna duba ɗinki, wayar tana hannuna na hagu, ban ajiye ta ba ko da zan ɗaga wando. Da yamma ƙanwata ta kira daga barandar asibiti. Ta ce ƙashin baya ne ya gaji, ba abin da zai kashe shi ba ne, amma likita ya hana shi sunkuyo da ɗaukar kaya. An ba shi magani, an ce ya dawo. Na ce ta ba shi wayar. Ya ce, "Ka ji? Sai ka bar ni in sha iska."

Ban tafi ba. Na tsaya har aka kammala kayan, na bi su Huangpu na ga an rufe kwantena.

Amma a ranar Litinin ɗin nan, bayan na gama da ƙanwata, na jira har na san sun isa gida sannan na kira mijinta, wanda ya kai su a mota. Na tambaye shi kamar ban ji komai ba. Abin da ya faɗa ya zo daidai da nata. Ya dai ƙara abu ɗaya da ya faru bayan kiranta: a hanyar dawowa Yaya ya sa an tsaya a bakin gona, ya sauka, ya sunkuya ya cire wata ciyawa.