Kwalbar Shito da Zanen Goyo

Har yau in na ji ƙamshin shito, soyayyen yajin nan mai mai, raina ɓaci yake yi, kuma ba yajin ne ya yi mini laifi ba.

Shekarar da 'yata ta haihu a Hamburg ta aiko in je in yi mata wankan jego. Ta waya ta yi ta nanata abin da zan sa: kwat mai kauri, safa, takalmi rufaffe, don sanyin can ba ruwansa da atamfa. "Mma, kar ki cika kaya," in ji ta. "Ki dai zo mini da zanen nan." Zanen goyon mahaifiyata take nufi, saƙi ne baƙi mai ratsin fari. Da shi aka goye ni, da shi na goye ta. Na sayo kwat ɗin gwanjo a kasuwar Kantamanto, na ninke zanen a ƙasan akwati, na ce na gama shiri.

Ashe ban ma fara ba. A unguwarmu Nima, ranar da aka ji za ki Turai, akwatinki ya zama motar haya ta unguwa. Kowa yana da ɗa ko ƙane a can. Aka yi ta sallama da ƙulli: kuka, daddawa, yaji, busasshen kifi, gari. Kuma ba a cewa a'a. In kika ƙi karɓa, sai a ce tun ba ki hau jirgi ba kin zama baturiya.

Ta ƙarshe wata Hajiya ce daga unguwar Maamobi, ƙawar matar yayana, ta rungumo kwalbar shito. "Na yarona ne, tun da ya tafi bai ci na hannuna ba. Ƙaramin abu ne, ba nauyi koraa, ko kaɗan." Ƙaramin abu! Kwalbar nan ta kusa buta girma.

A filin jirgi sikeli ya ce kaya sun yi yawa. Yayana da ya raka ni, shi ne babba a gidanmu, ya ja akwatin gefe. "Je ki nuna takardunki, ni zan gyara." Na dawo na tarar an rufe, an naɗe da leda, sikeli ya yarda. Har godiya na yi masa.

Sai da na isa na zazzage kayan a tsakar ɗakin 'yata, tana zaune da jaririya a cinya. Ƙullin kowa ya iso lafiya. Na girgiza akwatin, na laluba kowane aljihu, babu zane. Na kira yayana a waya.

"Saƙon mutane amana ne," ya ce. "Tsohon zane kawai na cire. Yana gida, ba zai gudu ba."

"Yaya, na uwarka fa? Shi ba amana ba ne?"

Ya ce in yi haƙuri. Haƙurin nan shi ya fi ƙona mini rai.

'Yata ta so ta kai ni bakin ruwa in ga manyan jirage, ban gani ba. Na ƙare a jirgin ƙasa da bas, ina rawar sanyi cikin kwat ɗin gwanjo, ina rabon daddawa gida gida. Ɗan Hajiya kuwa sai da aka yi ta kiransa kafin ya zo. Ya dubi kwalbar ya yi dariya. "Anti, kin wahalar da kanki. Akwai shago bayan tasha, suna sayar da shi. Ku ci kawai." Ya tafi ya bar mana ita a kan tebur.

Da tawul ɗin wanka na goye jikata. 'Yata ta tsaya a bayana tana gyara mini shi, ni kuwa ban iya juyowa in dube ta ba.

Da na dawo Nima na karɓi zanen a hannun yayana, ban zauna ba. Ba a daɗe ba na ji Hajiyar nan za ta je ganin ɗanta. Na wanke shi, na ninke, na taka har Maamobi na miƙa mata ta kai wa 'yata. Ta ɗaga shi a tafin hannu kamar mai awon tumatir.

"Ayya, 'yar'uwa, kilo ya cika."

Zanen yana nan a ƙasan akwatina. Yarinyar ta yi ƙafa, an ce yanzu ba ta yarda a goya ta.