Itacen da Ba Ya Cinyewa

A zamanin soja, lokacin da 'yan gandun daji suke kama duk wanda suka gani da gatari, lokotoron asibitin Filinge ya ce hayaƙi ne yake cin ƙirjin Inna. In ba a raba ta da kaskon wutarta ba, tarin nan ba zai sake ta ba. Ina koyarwa a Yamai a lokacin. Da na je gida na faɗa mata, ta dube ni kamar na ce a sayar da gonar gado.

Ba don ɗumi kaɗai take riƙe da wutar ba. Kaskon Inna ba ya mutuwa daga farkon ɗari har ƙarshensa, kuma kowace safiya matan unguwa sukan shigo da tsingaro su ɗebi garwashi. Wadda ta zo ba ta fita sai an tattauna auren wance da ciwon gwiwar kowa.

"In kun kashe min wuta, wa za ya shigo gidanga?" in ji ta.

"Ba kashewa za a yi ba, Inna. Ta gas zan kawo miki, marar hayaƙi."

"To kawo. Amma in gan ta da idona tana ci."

Na koma Yamai na shiga wani kanti. Mai kantin, mutum mai tumbi da bakin dillalin shanu, ya jera mini murhun jin ɗumi iri-iri. Na farko farantin ƙarfe ne da yake yin ja kawai, babu harshen wuta. Na san Inna za ta ce rediyo ce ta yi fushi. Wani kuma dogo ne mai tayoyi, ɗakin Inna kuwa daɓensa ya karkace, sai dai a wayi gari a tarar da shi a zaure. Na juya zan fita, mai kantin ya yaye wani bargo. Akwati ne mai ƙofar gilashi, a ciki ga itace an jera, har da ɓawo da baƙin ƙuna. Ya murɗa wani abu, wuta ta tashi a tsakanin itacen.

"Wani Bature aka kawo wa, aikinsa ya ƙare ya tafi," ya ce. "Itacen na yumɓu ne. Jikokinka ma haka za su same shi."

Na shinshina bakin tiyon, na ɗaga tukunyar gas na ji nauyinta, na tambaya ko sai an bar taga a buɗe, ya ce a bari kaɗan. Gaskiya dai tun da na ga itacen nan na gama zaɓe, sauran duk don kada ya raina ni ne. A hanya wani jandarma ya leƙa kayan, ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu, ya ce, "Mushe, yanzu har a gilashi kuke ɓoye itace?"

Da na kunna shi a gida, Inna ta daɗe tana kallon wutar.

"Wanga icce ba ya cinyewa?"

"Ba ya cinyewa."

"Toka hwa?"

"Babu toka."

"Wuta babu toka. Allah shi kyauta." Amma ta miƙa tafin hannuwanta, na ga ɗumin ya yi mata daɗi.

Da safe ina aski a tsakar gida sai ga maƙwabciyarmu, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, da tsingaronta. Inna ba ta taɓa ce wa mai neman wuta babu ba, kuma ba a kan murhuna za ta fara ba. Ta kashe gas yadda na koya mata, ta buɗe gilashin, ta sa awartaki ta ciro guntun yumɓu da zafinsa ta ɗora wa matar. Baiwar Allah ta tafi gida, ta tula masa kara, ta yi ta hurawa har jiri ya ɗebe ta. Ta dawo da shi idanu jawur, ta ce, "Wutar Yamai ta hi ƙarhina." Ni kuwa na yi ta faɗa, don an yi wa murhuna giɓi. Kafin kasuwa ta zagayo, labari ya kai har garin Bonkuku cewa ɗan wance ya sayo wutar da ba ta ɗebuwa.

Wajen ƙarshen ɗari na sake zuwa gida. Tari ya tafi, bango babu baƙi, na yi murna ƙwarai. Sai dai gari ya waye, Inna ta shimfiɗa tabarmi ta zauna tana fuskantar ƙofa, har rana ta ɗaga ba wanda ya yi sallama. Abin ya sosa mini rai, ni kuma in abu ya sosa mini rai faɗa nake yi.

"Wane irin mutane ne waɗannan? Ai kowa yana da ashana yanzu!"

"Tun kana goye suna da ashana," in ji Inna.

"To me ya hana su zuwa?"

"Su zo da wane dalili? Mace ta bar daka da sahe, ta ce ma mijinta ta tahi hira?"

Washegari na fito da tsohon kaskon, na ajiye shi can gindin katanga, nesa da ɗakinta. Ni da na ɗauko murhu tun daga Yamai don gudun hayaƙi, na durƙusa ina tura ɗanyen kara don hayaƙi ya tashi a gani. Ina tari, idona yana ruwa, sai muka ji sallama daga zaure, wata kuma tana biye da ita.

Inna ta gyara kallabinta.

"Kauce, mushe," ta ce. "Ka tare min ƙohwa."