Rabin Tuwon Baba

Ko da zan manta da duk wahalar da muka sha a shekarar babban fari, ba zan manta da ranar da na zauna kusa da mahaifina yana cin tuwo ba. Har gobe idan na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Lokacin ina aure a Gidan Rumji, shi kuma yana ƙauyenmu a gefen Cadakori, a hannun yayana. Ciwon shanyewar jiki ya taɓa shi, hannunsa na hagu ya mutu, amma bakinsa da kunnensa garau. Da labari ya iso mini cewa tsoho yana ƙarewa, na bi amalanken jaki na tafi. Na tarar da mutum ya koma ƙashi da fata. Kowa ya rame a shekarar, amma nasa ya wuce misali.

Na tambayi yayana. Ya ce, "Ke dai bari. Rabi yake ci ya bar rabi, sannan ya ce ba mu ba shi. Rikicin tsufa ne."

Ga yadda abin ya kasance. A wurinmu maigida shi kaɗai yake ci a zaure, ba mai zama ya sa masa ido, don kunya. Kuma babba yakan rage wa yara abinci a akushi. Da suka ga Baba yana barin rabi sai suka ce jikoki yake ragewa, har ana sa masa albarka. Daga baya yayana, da yake shi ne sarkin dabara, ya ce tun da rabi yake ci, a riƙa zuba masa rabin kawai. Aka rage. Ya sake barin rabi. Aka sake ragewa! Mutum yana cewa yunwa yake ji, su kuwa suna duba akushi suna ƙaryata shi.

Ni ban iya wannan kunyar ba. Da aka kawo tuwon jar dawa ta taimako na zauna a hagunsa na gaishe shi. Ya ji muryata sarai, amma sai ya juya dama yana nemana. "Ɗiyata, ina kike?" Ga ni kuwa gwiwata na taɓa tabarmarsa.

Ya ci gefen dama tas, ya suɗe yatsu. Sauran tuwon na nan kamar an yanka da wuƙa. Sai wata ramammiyar kaza ta ɓullo ta hagu ta sa baki a akushin, bai ko ɗaga hannu ba. Baba, wanda ko ƙwayar gero ba ya bari ta faɗi ƙasa! Na kore ta, na ja akushin na mayar damansa.

Ya zuba masa ido. "Kai, ɗiyata, ina kika samo ƙari? Ba naki ba ne kika ba ni?"

Na ce, "Naka ne, Baba. Kullum yana nan."

Yana ci, ni kuma ina kuka. Na fita na sami yayana a tsakar gida, na faɗa masa maganar da ban taɓa faɗa wa na gaba da ni ba. Ya ce, "To mu mi muka sani? Ga idonsa buɗe!" Na ce, "Ba ku sani ba, amma ya faɗa muku! Da bakinsa ya faɗa muku, Yaya!"

Bayan shekaru wani ma'aikacin asibiti ya bayyana mini cewa idon lafiya lau yake. Ƙwaƙwalwa ce ciwon ya taɓa, ta daina kula da duk abin da ke hagu, har mai ciwon bai san akwai abin da ya ɓace masa ba. Wannan ba laifin kowa ba ne, na yarda. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne gida cike da mutane, an rasa wanda zai zauna da shi sau ɗaya ya gani.

A wancan zuwan na zauna ina juya masa akushi safe da yamma, amma jikin ya riga ya tafi. Bai ga ruwan damina ba.

Tun daga nan na koyi cewa idan mara lafiya ya ce wani abu na damunsa, ba a yanke masa hukunci daga bakin ƙofa. A ajiye kunya a shiga a zauna. Girmamawar da ta bar mahaifina da yunwa ga abinci a gabansa, Allah ya raba ni da irinta.