Rawar da Saje Ya Gani

Na manta sunayen malamai da yawa da suka koyar da ni a jami'a, na manta fuskokin wasu da muka kwana ɗaki ɗaya da su, amma wata Asabar da na yi a unguwar Muciya, cikin Sabon Garin Zariya, a gindin wata darbejiya ba ta taɓa barin kaina ba. Ba na jin kuma za ta bari har in koma ga Mahaliccina.

Farkon shekarun saba'in ne, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, ni kuwa ina karatun tarihi a Samaru. Kowace Asabar nakan hau kekena in gangara Sabon Gari, wai don in gaishe da wani aminin mahaifina. Gaisuwar dai ana yin ta, amma gaskiya majalisarsa ce ke ja na. Dattijo ne da ya yi aikin magatakarda a kotun alƙali har ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa. Ban taɓa ganin mutum mai son musu irinsa ba. Idan ya ga an yi shiru sai ya rasa sukuni, ya tono wata magana ya jefa mana, ya koma gefe yana ɓare goro yana kallon yadda za mu kwashe.

Doka ɗaya ce tak a majalisar. Ba ka da izinin mayar wa mutum martani sai ka fara maimaita abin da ya faɗa da bakinka, har sai shi mai maganar ya ce, "Haka na ce." In bai ce ba, ka sake. Baba ya ce a kotu ya koyi wannan, domin yawancin waɗanda ya gani suna neman cinye juna a gaban alƙali ba su ma ji abin da ɗan'uwansu ke faɗa ba. Mu matasa dokar tana ba mu haushi ƙwarai. Ka shirya amsarka da zafinta, sai a ce sai ka tsaya ka gyara wa abokin gardamarka hujjarsa tukuna.

Cikin masu zuwa akwai mutum biyu da labarin nan nasu ne. Na farko wani saje ne daga barikin Basawa, mutumin kudancin Zariya, ƙato mai dariya kamar ana gangara ganga. Ya yi yaƙin tun daga farko har ƙarshe, amma ba ya son zancensa. Na biyu wani mai gyaran agogo ne, Ibo, wanda a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya gudu Gabas lokacin tashin hankali, bayan yaƙi ya dawo shi kaɗai ya sake kafa teburinsa a bakin kasuwa. Matarsa da 'ya'yansa maza biyu suna can ƙauye. Duk wanda ya tambaye shi yaushe iyali za su zo, sai ya ce, "Ina dubawa tukuna." Kowa ya san abin da yake dubawa. Mu yake dubawa, yana auna ko garin da ya haife shi ya zama wurin da mutum zai sake kawo 'ya'yansa.

Ran nan ni na kawo maganar. A makon an yi mana wata lacca da ta hau mini kai, saboda haka ina zama na sa aka kawo ruwa a kofin gilashi, na tsoma cokali a ciki.

"Baba, dubi cokalin nan. A karye yake ko a miƙe?"

"Ɗan Samaru ya zo da sabon abu," in ji Baba. "A ido dai a karye yake."

Na zaro shi na nuna musu lafiyarsa lau. Na ce to in ido zai yi mana ƙarya a kan cokali, me ya sa kotu za ta ɗaure mutum don wani ya ce ya gani da idonsa? Baba ya gyara zama, abin nema ya samu. Ya ce shi ya sa ba a wadatuwa da shaida ɗaya, kuma alƙali da zahiri yake hukunci, abin da ke cikin zuciya na Allah ne. Na maimaita masa, ya ce haka ya ce, sannan na tambaye shi ko dokar da soja suka tashi da safe suka karanta a rediyo ba tare da sun tambayi kowa ba ita ma doka ce.

Saje ya kwashe da dariya. "Kai ɗan makaranta! Taka ta mana, in ka kwana a gadurum za ka gaya mini ko doka ce."

Mai Agogo ya ce ai 'yan siyasa sun tambaye mu, har ƙuri'a muka jefa musu, ga inda suka kai mu. Wani ya ce da mutane na tsoron Allah da ba a bukatar soja ko ɗan siyasa. Baba ya ce ya sha ganin mutum ya rantse da Alƙur'ani, wani ya rantse da Baibul, suna fita ƙofar kotu ya san ɗaya daga cikinsu ya yi ƙarya. Haka muka yi ta yawo daga wannan zuwa wancan, ana dariya, ana tsokanar juna. Har zuwa nan Asabar ce irin ta kullum.

Sai Saje ya koma kan cokalina. Ya ce shi bai yarda ido na ƙarya ba, kuma zai ba mu misali. Muka kasa kunne, don ba mu saba jin ya taɓo yaƙi ba. Ya ce dab da ƙarshen yaƙin sun shiga wani gari mai gadar ƙarfe da wata coci mai jan rufi a kan tudu. Sun shiga da shirin faɗa, sai suka tarar da mutanen gari a bakin gada, mata da maza, suna rawa suna kaɗa ganye suna yi musu waƙa.

"Ko harsashi ɗaya ba mu harba ba," in ji shi, fuskarsa ta yi haske. "Muka sauke buhunan shinkafa muka raba musu. Na ga murna da idona, Baba. Mutanen nan sun san ceton su muka zo yi. Duk abin da na gani a yaƙin nan, wannan ranar kaɗai nake iya tunawa in yi barci."

Ban lura da Mai Agogo ba sai da ya yi magana. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Cocin nan, akwai wata babbar bishiyar mangwaro a bayanta?"

"Akwai! Ka san garin ke nan?"

"Garin matata ne. Ina cikin masu rawar."

Saje ya miƙa masa hannu don su tafa, Mai Agogo bai karɓa ba. Ya ce da asubar ranar suka binne 'yarsa a bayan cocin nan, yunwa ta kashe ta. Suna cikin rufe ramin aka ce ga soja nan tafe. Dattawan gari suka ce kowa ya fito ya yi rawa, wanda bai yi ba zai jawo wa gari halaka. Ya ce matarsa ta yi rawa da ƙasar kabarin a hannunta. "Ba murna ka gani ba, Saje. Tsoro ka gani."

Ban taɓa ganin fuska ta sauya da sauri irin ta Saje ba. Ya miƙe tsaye har bencin ya kife. Ya ce wannan butulci ne, shinkafar da suka hana cikinsu suka ba su ita ce yau ake ce wa tsoro? Ya ce shi ya san abin da ya gani. Mai Agogo shi ma ya tashi, ya kakkaɓe wandonsa a hankali, ya dubi Baba.

"Ka ga abin da nake dubawa, Baba? Wannan mutumin kowane mako goro ɗaya muke rabawa, ranar Lahadi waƙa iri ɗaya muke yi a coci. In shi ba zai iya jin wannan ba, wa zai ji? Gara su zauna inda suke, ni ma in tattara in bi su."

Na san in ya sa ƙafa ya bar gindin bishiyar nan a haka, shi da Zariya sun yi sallama.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Saje, ka karya mini doka a ƙofar gidana. Ka amsa masa ba ka maimaita ba. Tada bencin nan ka zauna. Kai ma Mai Agogo zauna, ba ka ce haka ka ce ba tukuna."

Wallahi na ɗauka ba za su zauna ba. Amma soja ya san umarni, Mai Agogo kuma yana jin nauyin furfura. Suka zauna, kowa na kallon wani gefe.

"Ya ce mu mugaye ne," in ji Saje.

"Ban ce ba."

"Sake," in ji Baba.

"Ya ce yaudarar mu suka yi da rawan ƙarya."

"Ban ce yaudara ba."

Saje ya share gumi. Can sai ya fara magana, a hankali, kamar mai tafiya cikin ƙaya. Ya ce, "Ya ce yarinyarsa ta mutu da yunwa. Ya ce da safen nan suka sa ta a rami. Ya ce ba a bar su sun yi kuka ba, don mu muna zuwa." Sannan ya ci gaba. "Ya ce da suka gan mu, ba su san ko za su kai yamma ba. Ya ce matarsa ta yi mini rawa, ni ina tafa mata, hannunta da ƙasan kabarin 'yarta."

Wannan na tafawar Mai Agogo bai faɗa ba, Saje ne ya ƙara da kansa, don shi ya san ya tafa. Hawaye na bin kumatun ƙaton mutumin nan, bai ko share ba.

"Haka na ce," in ji Mai Agogo.

Na ɗauka an gama, sai Baba ya juya kan Mai Agogo. "Saura kai. Shi ma ya yi magana ɗazu, ka amsa masa ba ka maimaita ba."

Na ga abin ya yi wa Mai Agogo nauyi ƙwarai, domin wanda aka cuta ba ya son a ce ya ɗauki kayan wani kuma. Amma ya yi. Ya ce, "Ya ce ya shiga garin yana tsammanin zai kashe ko a kashe shi. Ya ce ranar bai kashe kowa ba, ya ji daɗi. Ya ce shinkafar tasu ce ta ci, suka ba mu. Ya ce ranar nan kaɗai yake da ita da yake tunawa ya yi barci." Sannan ya ce, "Ni kuma yanzu na ƙwace masa ita."

"Haka na ce," in ji Saje.

"Ban ƙwace duka ba," in ji Mai Agogo. "Shinkafar gaskiya ce. Ita yarana biyu suka ci suka tashi."

Aka kira sallar magariba, ni da Baba muka tashi yin alwala. Da muka dawo daga masallaci mun same su a kan benci ɗaya, ba sa magana, amma babu wanda ya tafi. Na hau kekena na koma Samaru, ban san yadda abin zai ƙare ba.

Bayan damina ta wuce, wata Asabar Mai Agogo ya ce mana kada a zauna mako mai zuwa, yana son a raka shi tashar jirgin ƙasa ya tarbi matarsa da 'ya'yansa. Muka je, har da Baba da sandarsa. Ina ta waige ban ga Saje ba, sai da wani ƙato cikin kaftani mai gajeren hannu ya taɓa kafaɗata. Ban taɓa ganinsa ba kaki ba sai ran nan. Na ce, "Saje, wannan rigar fa? Ta aro ce?"

"Ta maƙwabcina ce," ya ce. "Ba na so ta sauko daga jirgi abin da za ta fara gani ya zama kaki."

Jirgi ya iso. Wata siririyar mata ta sauko riƙe da yara biyu, tana ta dube-dube kamar mai jiran wani abu ya faru. Saje ya matsa ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗauki akwatinta ya ɗora a ka. Ta tambayi mijinta da Hausa, "Wane ne wannan?"

Na ga Saje ya tsaya cak da akwati a kai. Mai Agogo bai ɓoye mata ba. Ya ce, "Soja ne. Yana bakin gada ran nan. Ya san komai, ni na gaya masa."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta saki hannun ƙaramin yaron, ta tura shi gaban Saje, ta ce, "Gaishe da babanka."

Yanzu na tsufa, na yi musu da mutane iri-iri a kan addini da mulki da yaƙi, na ci wasu, wasu sun ci ni. Abin da na koya a Muciya shi ne, abin da ka gani da idonka yana iya zama gaskiya, amma rabin gaskiyar ne, sauran rabin yana wurin wanda ya tsaya a ɗaya gefen. Ba kuwa za ka same shi ba sai ka yarda ka faɗi ciwonsa da bakinka, har shi da kansa ya ce maka haka ya ce.