Gefe-gefe da Igiyar Guga

Abokan aikinsa suna kiransa Gefe-gefe, don bai taɓa kai kwale-kwalensa tsakiyar tafki ba. Asalinsa mai saran itace ne. Da aka hana taɓa kurmin da ya kewaye tafkin, domin baƙi masu yawon buɗe ido su riƙa zuwa kallon tsuntsaye, sai aka raba wa masu gatari aiki. Aka tambaya wa ya san ruwa. Bawan Allah ya tuna bakuna shida da ke jiransa a gida, ya ɗaga hannu. Alhali ko a kududdufi bai iya iyo ba.

Kullum ya taka kwale-kwalen sai tsoro ya kama shi. Yakan bi bakin ciyayi a hankali, inda gorar tuƙinsa ke taɓa ƙasa, bakinsa gum, yana addu'a a zuci. Abin dariya, baƙi shi suke nema. Wai shi kaɗai ne ba ya firgita tsuntsaye. Ina suka san shi ne a firgice?

Matarsa kaɗai ta san sirrin. Takan ce, "Malam, kai da ko wanka da bokiti sai ka rufe ido?" Ya yi yaƙe, ya ce ta rufa masa asiri.

Rannan manajan masaukin baƙi ya tara matuƙa, ya ce dole a gwada kowa. Za a jefa jarka a tsakiyar tafki a matsayin baƙon da ya faɗa ruwa, mutum ya yi tsalle ya ɗauko ta. Wanda ya kasa, ya ajiye gora. Gefe-gefe ya shiga lissafi. In aikin nan ya tafi, sai gatari, gatari kuwa yanzu hanyar gidan yari ce.

Da layi ya zo kansa ya leƙa ruwan, baƙi ƙirin, ba a ganin ƙasa. Ya runtse ido ya faɗa. Bai ga jarka ba, bai ga komai ba, ruwa kawai ya yi ta sha har matuƙa biyu suka jawo shi kamar buhun da ya jiƙe. Manajan ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Baba, baƙi na son ka. Na ba ka zuwa ƙarshen wata. In ba ka iya ba, ba yadda zan yi."

Washegari da sassafe ya koma bakin tafkin, matarsa na biye da igiyar gugan rijiya. Ta ɗaura masa a ƙugu, ta naɗe ɗaya bakin a hannunta. Ruwan ya kai masa gwiwa, ya kai ƙirji. Ya waiwayo.

"Don Allah ki riƙe da kyau."

Yau ba tsokana a bakinta. Ta kafe ƙafa a cikin laka ta ce, "Na riƙe, Malam. Ƙara gaba."