Fararen Tsuntsayen Hajiya Rakiya

Jama'a, abin da zan ba ku wallahi a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi kafin ma tsoron ya zo. Shekarun baya ina aiki a wani shagon kafinta a unguwar Zahir, nan Makka, muna gyaran kujeru da ƙofofi. Ni haifaffen unguwar Misfala ne, kakana ne ya zo daga Katsina ya zauna.

Wata rana bayan azahar maigidana ya tura ni unguwar Utaibiyya gidan wata dattijuwa, Hajiya Rakiya, ita ma jininmu ce, mijinta bai daɗe da rasuwa ba. Abin gyaran wani shamaki ne mai naɗewa, wanda a nan muke ce wa barafan, ƙarfen da ke haɗa fallayensa ne ya saki. Ban taɓa ganin irinsa ba. Takarda ce mai ruwan zinariya, an zana bishiya da bakin rafi, da wasu tsuntsaye biyu masu dogayen ƙafafu kamar gauraka, sai dai farare ne tas, da ɗigon ja a tsakar ka. Ɗaya ya miƙe wuya sama, ɗayar ta sunkuyar da kai tana shan ruwa.

Ina durƙushe ina aiki tana ba ni labari. Ta ce mijin nata, Alhaji, shi ya kawo mata daga Japan lokacin yana fataucin yadi, kuma wanda ya sayar masa ya ce su a can wannan tsuntsu alamar tsawon rai ne da riƙon amana, in suka haɗu biyu ba sa rabuwa sai mutuwa. "Ka san Alhaji ba ya iya daɗin baki," in ji ta, tana dariya. "Ajiye shi kawai ya yi ya ce, ga ni ga ki."

Ana haka sai ga ɗanta Fahad ya faɗo ba ko sallama. Mutumin da maƙwabta suka ce ko jinyar ubansa bai zauna ba! Ashe so yake ya kwashe uwar ya mayar da ita wani ɗan ɗaki a saman bene, ya zuba alhazai haya a gidan. Yana ganin barafan ya hau faɗa, rabi Larabci rabi Hausa, wai hoton mai rai ne, shi ke hana mala'iku shiga. To, ni ba malami ba ne, ban ce maganar ba ta da asali ba. Amma fisabilillahi mutumin da wayarsa ke cike da hotunan kansa, yau ne ya tuna da mala'iku, a kan tsohuwar da idonta bai bushe ba?

Ya ce da ni, "Yalla, yanke musu wuya."

Na ce, "Gyara aka kira ni, kuma mai kayan ga ta zaune."

Ta ce, "Fahad, ka bar min shi, in na mutu ka ƙona." Bai ko dube ta ba. Ya sunkuya ya zari wuƙata daga cikin kayan aiki, ya ja ta ƙiii a wuyan namijin. Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Alhaji!"

Wallahi tallahi bakinta bai rufe ba muka ji kuka a cikin falon, wani irin kuka mai ƙarfi kamar an busa kakaki a kunnena. Tagogi a rufe suke, na'urar sanyaya ɗaki a kashe, amma iska ta buge ni a fuska a kai a kai, irin ta fukafukin babban tsuntsu, har labule ya tashi. Ga wani sanyi da warin laka, irin na bakin kogi, a tsakiyar zafin Makka. Na duba barafan, innalillahi! Macen da na daɗe durƙushe a gabanta tana shan ruwa, yanzu kanta a ɗage yake, baki buɗe, ta juyo wajen Fahad. Wuƙar ta faɗi daga hannunsa.

Kun san me ya yi? Maimakon ya nemi gafarar uwarsa, ni ya nuna da yatsa, wai ni na zo da sihiri, wai dama mu Takarunawa, wato baƙaƙen fata 'yan asalin ƙasashenmu, halinmu ke nan. Takarunawa! A gaban uwar da ta goya shi da Hausa! Bai tsaya nan ba, sai da ya je wajen maigidana ya yi ta barazanar kai ƙara, mutumin ya tsorata ya sallame ni. Na yi watanni ina neman aiki da iyali a wuyana, a kan abin da ban taɓa ba.

Bayan 'yan makonni da faruwar abin wani maƙwabcinsu ya kira ni da hantsi, ya ce Hajiya ta rasu a ɗakin saman nan, za a yi mata salla a Harami, kuma tun ba a fitar da gawar ba Fahad ya sa an jefar da barafan wajen shara. Na je na samu barafan jingine da bango, na ce ko ba komai ba zan bar shi cikin datti ba. Na buɗe shi nan a titi, rana tsaka, mutane na wucewa. Bishiya na nan, rafi na nan, ga tsagar wuƙa. Tsuntsu babu ko ɗaya. Ba gogewa aka yi ba, ba fenti aka shafa ba, sana'ata ce, da na gane. Takardar sumul, kamar ba a taɓa zana komai a wurin ba.

Na naɗe shi na mayar inda na same shi, na fasa ɗauka, na wuce jana'iza. Na tambayi wani malami, ya ce in riƙa neman tsari kawai.

Ni dai ban san me na gani ba, kuma ba na so a fassara min. Amma ku da iyayenku ke raye, in kun ga tsohuwa ta riƙe wani abu, ko tsumma ne, ku ƙyale mata. In ma gyara za ku yi mata, ku yi da ladabi. Ba ku san abin da ke zaune tare da ita a ɗakin ba.